Tukwanen Ado na Abuja: Tarihinsu da Alamomin Gane Su

Za a iya cin karo da wani faranti ko tulu mai nauyi da ƙyalli a cikin jeren wata tsohuwa, ko a kayan gadon wani tsohon ma'aikacin En'e, sai magada su tsaya suna tambaya ko yana cikin tukwanen Abuja da ake labari.

Wace Abuja ake nufi, kuma wa ya kafa wurin?

Tsohuwar Abuja ake nufi, wadda aka sauya wa suna zuwa Suleja bayan an zaɓi sabon babban birnin tarayya a 1976. A farkon shekarun 1950 ne wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka jami'in kula da ginin tukwane, ya buɗe ƙaramar cibiyar koyarwa a can, kuma ya riƙe ta har 1965.

Ina Ladi Kwali ta shigo cikin labarin?

Ita ce matar da hotonta ke bayan takardar naira 20. An haife ta a garin Kwali na ƙasar Gwari wajajen 1925, ta koyi gini da hannu tun tana ƙarama, har tukwanenta suka kai fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, inda Cardew ya fara ganin su. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. An baje aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984.

Me ya bambanta aikinsu da randa da tulun da muka sani?

Bambancin yana ga wuta. Maginanmu suna jera ɗanyun tukwane a fili, su lulluɓe su da kara da ciyawa su cinna, shi ya sa randa take tsattsafo, tsattsafon nan kuwa shi ke sanyaya ruwa a lokacin bazara. A Abuja kuwa ana gasawa ne a cikin ginannen tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200, sai yumɓun ya daskare kamar dutse, shafin da ke jikinsa ya narke ya zama gilashi. Irin wannan tulu ba ya tsattsafo, ba ya sanyaya ruwa, kuma ya yi nauyin da ba za a je rijiya da shi ba. Dalilin da ya sa ya zama kayan ado ke nan. A ganina, a nan ne aikin Ladi ya fi burgewa, domin ta riƙe siffar tulun Gwari da zanensa, ƙadangare da kunama da kifi da kada da hawainiya, a kan yumɓun da iyayenta ba su taɓa gini da shi ba.

To, da wace alama ake gane na gaskiya?

A kifa tukunyar a duba gindinta da ɗan abin da ke sama da shi. Akan samu ƙananan hatimai biyu da aka danna tun yumɓun yana ɗanye: ɗaya na cibiyar, wato sunan Abuja da rubutun Larabci, wanda duk ɗan makarantar allo zai iya haɗa baƙaƙensa, ɗayan kuma na maginin, da haruffan boko. LK na Ladi Kwali ne, MC na Cardew. Sauran magina, irin su Halima Audu da Asibi Ido, su ma aikinsu na Abuja ne, ko da yake bai kai nata tsada ba. Hatimin da aka danna kafin gashi bakinsa sumul yake, wanda aka kankare daga baya kuwa yana da kaushi da ɓarɓashi.

Hatimi kaɗai ya isa shaida?

Bai isa ba, tunda ana iya kwaikwayonsa. A haɗa da nauyi, da ƙarar da takan tashi idan an ƙwanƙwasa da yatsa, da kuma zanen, wanda ya kamata a ji zurfinsa a ƙarƙashin ƙyallin. Kada a goge gindin da yashi ko toka don neman hatimi, ruwa da tsumma sun wadatar, sannan a ɗauki hoton gindin da jikin a nuna wa ma'aikatan gidan tarihi, kamar na Gidan Makama da ke Kano, kafin a saurari tayin dillali.