"Ba Gudu Ke Kisa Ba, Rashin Iya Tuƙi Ne": Ina Gaskiyar Wannan Magana?

An daɗe ana jin wannan magana a tashoshin mota, har fasinja kan zuga direba ya ƙara wuta don an ce hannunsa ya faɗa. Kuskure ne babba, kuma yana cin rayuka.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A gudun 140 kuwa, kusan mita 39. Kafin idon direba ya hango saniya ta faɗo titi, ƙafarsa ta bar totur ta kai birki, daƙiƙa guda ta wuce, komai ƙwarewarsa. Bayan ya taka birkin ma da sauran aiki, domin nisan da mota ke ja kafin ta tsaya ba daidai yake ƙaruwa da gudun ba: idan gudu ya ninka biyu, nisan sau huɗu yake ninkawa. Mai gudun 140 na buƙatar kusan ninki biyu na filin da mai gudun 100 ke buƙata. Nan taya da kwalta ke magana, hannun direba ba shi da ta cewa, balle a ce tayar kwance ce ko an yi ruwa.

Shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya mai hannu biyu, bas da tasi 90, tanka da tirela 60. Daga Kaduna zuwa Kano, mai gudun 120 bai fi minti ashirin da 'yan kai zai riga mai gudun 100 isa ba.