Yakubu ɗan Ishaku

Yakubu, ko Annabi Yaƙub (AS) a wurin Musulmi, shi ne na uku a jerin kakannin Ibraniyawa, bayan Ibrahim da Ishaku. Tarihinsa ya mamaye kusan rabin Littafin Farawa, littafi na farko a Baibul. Galibi ana sanya zamaninsa cikin shekara 2000 zuwa 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, amma kintace ne.

Rayuwarsa

Tagwaye Rifkatu, matar Ishaku, ta haifa, Ishaku na da shekara 60. Isuwa ne ya fara fitowa, Yakubu na riƙe da diddigensa. Da suka girma, ya sayi matsayin ɗan fari daga wansa da kwanon faten wake, sannan ya ɗaura fatar akuya a hannu da wuya don ya yi kamar shi ne Isuwa, ya karɓi albarkar mahaifinsu, wanda idonsa ya riga ya dushe. Isuwa ya ƙudura kashe shi, sai Yakubu ya gudu Haran wurin kawunsa Laban. A hanya, a Betel, ya yi mafarkin tsani da mala'iku ke hawa da sauka.

Abin da ya shuka ya girba a Haran. Ya yi kiwon shekara 7 don auren Rahila 'yar Laban, gari ya waye ya tarar da yayarta Lai'atu aka kai masa. Ya ƙara wasu 7. Bayan shekara 20 ya kamo hanyar gida, a mashigin Yabbok ya kwana yana kokawa da wani, Yakubu ya ce ba zai sake shi ba sai ya sa masa albarka. Ya fito da ɗingishi da sabon suna, Isra'ila. Nan ne zuciyar labarinsa.

Ya haifi maza 12, tushen kabilun Isra'ila, da mace ɗaya, Dinatu. Ya koma Masar yana da shekara 130, ya rasu yana da 147, aka kai gawarsa kogon Makfela a Hebron.

A Musulunci

Alƙur'ani bai kawo batun yaudarar ba, malamai kuma ba sa jingina ta ga annabi. A Suratu Yusuf uba ne da aka kawo wa rigar ɗansa da jinin ƙarya, ya zaɓi haƙuri kyakkyawa, ya yi ta baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, bai kuwa yanke ƙauna ba. A Suratul Baƙara, yana gargarar mutuwa, tambaya ɗaya ya yi wa 'ya'yansa: me za su bauta wa a bayansa?