Shin jariri na buƙatar katifa mai laushi da matashin kai?

An daɗe ana cewa jikin jinjiri ɗanye ne, don haka sai a sama masa katifa mai laushi, a tokare shi da matashi, a lulluɓe shi da bargo, balle in hunturun Kaduna ya kama. Ƙauna ce ta kawo haka, babu shakka.

Sai dai laushin nan shi ne haɗarin. Jariri bai iya ɗaga kansa ba tukuna. In fuskarsa ta nutse cikin katifa ko matashi, numfashi na iya toshewa, ko kukansa ba a ji ba. Shi ya sa likitocin yara ke cewa a kwantar da shi rigingine, kan shimfiɗa mai tauri, babu matashin kai sai ya haura shekara 1. In ana sanyi, a ƙara masa riga.

Ko a Kasuwar Barci za ki sayi gadon jariri da katifarsa, ko kafinta zai haɗa, gwada da hannunki. Danna katifar: in tafinki ya bar rami, ki haƙura da ita. Tsakanin sandunan gadon kada ya wuce santimita 6, katifar kuma ta cike gadon taf. Ajiye shi kusa da naki, cikin gidan sauro, aƙalla wata 6.

Don Allah a tura wa masu jego da kakanni.