Gyalen ulu da siliki, babu saƙa babu ɗinki: amsoshin tambayoyin masu koyo a Gombe

A ajin koyon sana'ar hannu, masu ɗinki da masu saƙar kwarashi su ne suka fi shan mamakin wannan aiki na haɗa gyale daga ulu da siliki, domin babu allura, babu keke, babu zare. Ulu ne da ƙyallen siliki da ruwan sabulu da ƙarfin hannu. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu koyo.

Yaya za a yi ulu ya kama siliki ba tare da an ɗinke ba?

Kowane silin gashin tunkiya mai ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, jere kamar na kifi, ido ba ya gani. Idan ya jiƙe da ruwan sabulu aka yi ta murza shi, silin yana matsawa gaba amma ɓawon ba ya barinsa ya koma baya, sai su harɗe da juna har su zama ƙyalle guda. Wanda ya taɓa riƙe jar dara ta asali ya riƙe irin wannan ƙyalle: cuɗaɗɗen ulu ne.

Siliki shi ba ya cuɗuwa, ba shi da wannan ɓawo. Abin da ake yi shi ne a lallaɓa silin ulun su ratsa ta ramukan saƙar silikin su fito ta baya, sannan a sa ulun ya tsuke. Yana tsukewa yana jan silikin, shi ne tattarar nan mai kyau da ake gani a jikin gyalen. Sunan dabarar "nuno", kalmar Japananci ce mai nufin ƙyalle, ba ta da dangantaka da nunar 'ya'yan itace. Polly Stirling ta ƙasar Ostareliya da abokiyar aikinta Sachiko Kotaka ne suka fito da ita a farkon shekarun 1990, don a samu abin ulu mara nauyi da za a iya yafawa a ƙasar da ba ta da tsananin sanyi.

Ga tumaki ko'ina a Tike. Me zai hana mu aske namu?

Ba za su yi ba. Balami da Uda da 'Yankasa duk tumakin gashi ne, ba na ulu ba. Gashinsu gajere ne, mai kauri, miƙaƙƙe, ko an wuni ana murza shi watsewa zai yi. Ulun da ake so shi ne na tunkiyar Merino, wadda aka fi kiwo a Ostareliya da Afirka ta Kudu, wanda aka wanke aka taje ya zama doguwar igiya mai laushi kamar sabin auduga. Ana auna kaurin sili da maikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Na gyale a nemi 18 zuwa 21. Wanda ya haura 30 zai yi ta soka wuya.

Kurakurai biyu ne suke cinye kuɗin masu koyo. Na farko, zaren "ulu" da ake sayarwa a Babbar Kasuwa don saƙa hular jarirai, yawancinsa roba ne, ba zai taɓa cuɗuwa ba. Na biyu, ulu na gaske amma wanda aka rubuta wa "superwash": an sarrafa ɓawonsa don kada ya tsuke a injin wanki, wato an kashe abin da muke nema ke nan. Galibi sai an yi odar ulun daga waje, don haka ya fi sauƙi 'yan aji su haɗa kuɗi. Kilo 1, idan ana zuba giram 30 a kowane gyale, zai fitar da 33.

Ta yaya zan gane siliki na gaske? Mai shago ya rantse mini.

A bar rantsuwa, a nemi ashana. A zare sili uku ko huɗu daga bakin yadin a ƙona. Siliki da ulu suna warin ƙonannen gashi, kamar ana babbaka kan rago, wutar tana mutuwa da kanta, tokar kuma tana murƙushewa a yatsa. Roba narkewa take yi ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Auduga tana ci da sauri da warin takarda. Mafi yawan gyalen shifon da ke kasuwa roba ne. Santsinsa ba ya barin ulu ya riƙe da kyau, bai dace da mai koyo ba.

Bayan haka sai gwajin numfashi. A kara ƙyallen a baki, a sa tafin hannu a bayansa, a hura. Idan iska ta isa hannu ba wahala, ulu zai ratsa. Masu sayarwa a intanet suna rubuta nauyin siliki da ma'aunin "momme": daga 3 zuwa 8 shi ne daidai. Silikin tsamiya da ake aikin babbar riga da shi ba ya cikin wannan lissafi, zare ne, sai dai a yi ado da shi a saman ulu.

Wadda ba ta samu siliki ba ta fara da ƙyallen auduga mai shara-shara, irin na rawani. Yana kamawa sosai, kuma in ya lalace ba a yi asara mai yawa ba. Akoko ya yi tsauri.

Wane kaya zan tanada?

Dogon tebur, ko biyu a haɗe, da ya kai tsawon ƙyallen. Ledar nan mai ƙurajen iska da ake naɗe talabijin, wadda ta ɗan fi ƙyallen faɗi da tsawo. In babu, asabari mai santsi wanda ba ya zuba. Yadin net na ɗinki don rufe ulun. Guntun fayif ɗin ruwa mai kaurin inci 2, ko taɓarya mai tsabta. Gorar ruwa da aka huda murfinta da allura, tsofaffin tawul biyu, tsumman ɗauri, sikeli mai auna giram, tef ɗin awo, da ruwan khal.

Sabulu ya zama mai sauƙi: na wanke kwanuka na ruwa, ƙaramin cokali 1 a lita 1. Kada a kusanto da garin wanki, domin da yawansu suna da sinadarin da ke cin ulu da siliki. Bilic kuwa narkar da su yake yi ɗungurungum.

Nawa zan yanka, tunda an ce yana tsukewa?

Gyale mara nauyi yakan rage wajen kashi 30 cikin 100, wani har 40 ko fiye in an cuɗa shi sosai. Yadi biyu da rabi, wato inci 90, zai dawo kusan inci 63. Faɗin inci 20 ya koma 14. Amma kowane ulu da halinsa, shi ya sa malamar kirki ba ta barin ɗaliba ta taɓa babban ƙyalle sai ta yi ɗan gwaji: inci 10 tsawo da faɗi, a cuɗa har ƙarshe, a sake aunawa. In ya dawo 7, a raba tsawon da ake so da 0.7, shi ne abin da za a yanka.

Ulu yana tsukewa ne ta tsawon silinsa. In aka jera shi duka yana bin tsawon gyalen, tsawon ne zai ragu sosai, faɗin kaɗan. Mai son ya tsuke daidai ta yi shimfiɗa biyu sirara, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

To, yaya ake jera ulun?

A fara da kashe fanka da rufe taga. A shimfiɗa ledar, ƙurajen a sama, a miƙe silikin a kanta. A cire zobe da awarwaro. Hannu ya bushe ƙayau, kuma kada a shafa basilin, maiƙo yana hana ulu jiƙewa.

A riƙe igiyar ulun da hannun hagu kamar taƙi guda daga bakinta, a kama ƙarshen da tafin hannun dama a ja a hankali. Abin da zai fito ya zama siriri har ana hango silikin ta cikinsa. In aka matso da hannuwan kusa da juna ba zai jawu ba, domin an riƙe sili ɗaya ta kai da gindi. Ba a sa almakashi. A jera kowane ja yana hawa kan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi, yadda ake jera shuci a jinka.

Kusan kowace mai koyo tana cika ulu, tana ganin kamar ya yi kaɗan. Sakamakon shi ne abu mai tauri kamar darduma wanda ba ya kwanciya a kafaɗa. Giram 25 zuwa 35 ya isa. A bar wurare da siliki tsirara, nan ne tattarar take fitowa. Gefen da aka yanka kuwa a bi shi da siririn layin ulu, rabi a kan ƙyallen rabi a waje, daga baya a lanƙwaso shi ya rufe bakin. Ba sai an yi kalmasa ba.

Me ya sa ake hana ruwan zafi da farko, bayan zafi ne ke sa ulu ya cuɗu?

Daidai wannan dalilin ne ya sa ake hanawa. In zafi ya zo da wuri, ulun zai harɗe da ɗan'uwansa a saman silikin kafin ya samu ratsawa, sai ya zama fata daban da za a iya ɓarewa kamar ɓawon ayaba. Da zarar haka ta faru babu gyara. A nan Gombe sai an kula ƙwarai: a watan Maris da Afrilu ruwan baƙin tankin da ke rana, kafin azahar ya riga ya yi zafin da zai ɓata aiki. A ɗebi na randa.

A rufe ulun da net, a yayyafa ruwan sabulun, a danna da tafin hannu, dannawa kawai ba gogawa ba, har iska ta fita ko'ina ya kwanta. Wurin da ya rage a kumbure bai jiƙe ba. In an danna ruwa ya taru a yatsu, ya yi yawa, a tsane da tawul. Ulu yana iyo ne a cikin ruwa mai yawa, zanen ya watse. Kumfa ma in ta yi yawa silin zamewa suke yi maimakon su kama. Sai a yi shafa mai sauƙi na minti 10, ana ɗaga net ɗin lokaci lokaci kada ulu ya kama shi.

Daga nan a cire net, a rufe da leda, a naɗe duka a jikin fayif, a ɗaure wuri uku, a nannaɗe da tawul. A mirgina daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ba dannawa da ƙarfi, sau 200. A kwance ɗaurin, a miƙe inda ya tattare, a naɗe daga ɗaya ƙarshen, domin wanda ke ciki ya fi samun aiki. A haka har sau 800 ko 1,000, ana ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan. Nan ne ɗalibai suke gajiya su fara rage lissafi, kuma gyalen yana tona asirinsu daga baya.

Yaya zan san ya kama?

A juya bayan silikin a kalle shi ta gefe a cikin haske. Ya kamata a ga gashi ƙanana sun fito kamar ƙasumbar da ta fara tsiro. Sannan a tsunkuli ulun a ɗaga: in silikin ya biyo shi, ya kama, in sili ne kawai suka taso, a koma mirgine.

Sai yanzu ruwan zafi ya shigo, wanda hannu zai iya jurewa. A tsoma gyalen, a matse kaɗan, a dunƙule shi sako-sako a riƙa sakinsa a kan tebur, sau 30 a hankali, a buɗe a duba kada wani ninki ya manne da wani, sannan a ƙara ƙarfi. Cikin 'yan mintuna za a ga ya tattare. Tef ya kasance a kusa, domin tsukewa ba ta komawa baya. In wani gefe ya fi tsawo, a murza shi shi kaɗai a kan ledar ta fuskar da ake so ya ragu.

A ɗauraye har kumfa ta ƙare, a jiƙa minti 10 a ruwa lita 2 da babban cokali 2 na khal don kashe ragowar sabulu, wanda in ya zauna yana cinye siliki a hankali. A naɗe a tawul a taka, kada a murɗe. A shanya a kwance a inuwa. Mai koyo ta ware awa 4 zuwa 5 ga gyalen farko.

Zan iya kai shi marina?

Rinin da ake haɗawa da soda mai ƙuna na auduga ne, yana ƙona ulu ya bar shi kamar ƙaiƙayi. Ulu da siliki suna son rinin da ake kamawa da khal da zafi. Ya fi sauƙi a sayi ulun da launinsa. Mai son na gargajiya ta gwada ɓawon albasa bayan ta jiƙa silikin a ruwan alif, yana ba da ruwan zinariya mai daɗewa. Zoɓo yana ruɗin ido ne kawai, sabulu na taɓa shi ya koma toka-toka. Duk silikin da aka rina a wanke shi har ruwa ya fita fari kafin a ɗora farin ulu a kai.

Wanki da ajiya fa?

Da hannu, a ruwan sanyi, ba cuɗawa. Injin wanki zai ci gaba da aikin da aka tsayar, gyale ya koma ɗankwalin yarinya. Guga da ɗumi kaɗan, da ƙyalle a tsakani. Tunda daga Disamba zuwa Fabrairu ne aka fi yafa shi, zai yi wata tara a akwati, kuma asu ya fi son ulun da ke da gumi ko maiƙon turare. A wanke, ya bushe sarai, a sa a leda mai zif kafin damina.