Haƙori ya daina zugi ba shi ne ya warke ba

Jama'a barkanmu da sanyi. Tun da hunturu ya kankama a Jos masu ciwon haƙori suka ƙaru mana a asibiti, kuma yawanci ciwon ba sabo ba ne, yana nan tun tuni, ruwan alwalar asuba ne ya tona masa asiri. Mutum ya guntsi ruwan da ya kwana a bokiti sai ya ji abin ya tsarga masa har tsakar ka. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya na ce bari in ɗan yi bayani, don abin da muke gani yana da ban takaici wallahi.

Mu fara da maganar tsutsa tunda ita ta fi cin kuɗin mutane. Babu tsutsa a cikin haƙori. Masu zuwa tasha ko bakin kasuwa su turara maka hayaƙi su nuna maka wani abu yana motsi a auduga, da abinsu suka zo. Abin da ke ruɓar da haƙori ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin farin dattin nan da ke mannewa a jikin haƙori, in ka sha zaƙi su ma sun samu abinci sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke cin ɓawon haƙorin a hankali har ya yi kogo. Kuma yawan maimaitawa shi ne babbar matsalar, shayi da madarar gwangwani da safe, lemon kwalba da rana, alawa da biskit a tsakani, ga yaro an bar shi ya kwana da fida mai sukari a baki.

Lokacin da kogon yake sama-sama ba ya wani ciwo, sai dai ka ji tsam in sanyi ko zaƙi ya taɓa wurin, ko nama ya riƙa maƙalewa kana ta fama da tsinke. Toh nan ne aikin yake da sauƙi da araha. Likita zai kankare wurin da ya ruɓe ya yi ciko, zama ɗaya an gama, haƙorinka yana nan. In aka bari ramin ya kai ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori, shi ne zugin nan mai hana barci, wanda ya fi tsanani da dare in an kwanta. A nan ciko kaɗai ba zai yi ba, sai an yi hoto an ga saiwar, a yi allurar kashe zafi, a cire jijiyar da ta lalace a wanke ramin a toshe, wani lokaci a sa wa haƙorin hula don kar ya fashe. Yakan ɗauki zuwa fiye da ɗaya kuma ya fi tsada. In haƙorin ya riga ya ragargaje sai cirewa.

Ga inda nake so a saurare ni da kyau. Bayan an sha wahala ana ta haɗiyar maganin kemis, wata rana sai zugin ya ɗauke cak, mutum ya ce alhamdulillahi na warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu shi ya sa ba ka jin komai, amma ƙwayoyin cutar suna ciki suna gangarawa gindin saiwa, mugunya ta taru, sai a wayi gari kunci ya kumbura ko wani ƙurji ya fito a dasashi yana fashewa yana dawowa. In kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau wajen ido, ko ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗewa, ko haɗiye miyau da numfashi sun fara wahala, dan Allah ko tsakar dare ne a tafi asibiti, wannan yana iya toshe maƙogwaro ya kashe mutum. Masu ciwon suga su fi kowa kiyayewa. Kapsu da ake saye a sha biyu a ajiye ba ya cire tushen ciwon, dole sai an buɗe wa mugunyar hanya an yi wa haƙorin aiki.

Sannan abubuwan da ake ɗurawa a kogon, kai jama'a! Fetur, ruwan batir, turare, asfirin da ake dannawa a dasashi. Mukan buɗe baki mu tarar da fatar wurin ta ƙone ta yi fari fat tana saɓulewa, ciwo ya zama biyu. Kanumfari yana ɗan rage zafi, wannan gaskiya ne, haka ruwan ɗumi da gishiri da farasitamol, amma duk na kafin ka isa wurin likita ne.

Ba haƙori kaɗai ke sa ciwon baki ba. Akwai dasashi. In kana goge baki kana tofar da jini, ko ana yi maka ƙorafin warin baki, yawanci dattin ne ya daskare ya zama dutse a gindin haƙora, buroshi ba ya iya fitar da shi sai an yi wankin haƙori da na'ura. Masu cewa wankin yana sa haƙori girgiɗi, a'a, cutar ce ta riga ta cinye ƙashin da ke riƙe da shi, dutsen ne ya ɓoye ɓarnar. Masu ciki ma dasashinsu yakan yi jini, kuma ciki ba ya hana ganin likitan haƙori, ki dai gaya masa kina da juna biyu.

Samari da 'yan mata kuma, turamen ƙarshe na can ƙurya suna fitowa ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, su ne ke cika haƙoran babba 32. In wuri ya yi musu kaɗan sai su fito a karkace, naman da ya rufe su ya kumbura. Wani wankewa kawai za a yi, wani sai an cire. Cire haƙorin sama kuma ba ya taɓa ido, ban san inda aka samo wannan ba.

Ƙurajen baki na yau da kullum suna warkewa da kansu cikin sati 1 zuwa 2. Wanda ya wuce sati 3 bai warke ba, ko wani fari ko jan tabo da ba ya gogewa, musamman ga mai shan sigari ko mai sa taba a baki, a je a duba ko da ba ya zafi, don kansar baki haka take farawa shiru. Iyaye kuma, yaro ƙarami mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda in dasashinsa ya fara gyambo yana wari, kunci na kumbura, kar a jira. Cutar da ake kira noma ce ake tsoro, tana zaizaye fuska cikin 'yan kwanaki, a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, har asibitinta na musamman akwai a Sakkwato.

Wanda aka cire wa haƙori ya cije audugar nan kamar yadda aka gaya masa, kar ya kurkure baki ko ya yi ta tofi a ranar, banda sigari, don gudan jinin da ya toshe ramin shi ke warkar da wurin. Washegari sai a fara ruwan ɗumi da gishiri a hankali.

A gida, buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori) safe da dare, na daren ya fi muhimmanci, in ka gama ka tofar kawai kar ka bi da ruwa. Aswaki yana da kyau a ci gaba, gawayi da toka dai suna kankare ɓawon haƙori su bar ka da jin sanyi. Akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo da kuma asibitin ƙwararru na jihar Filato, in kuma ƙaramin asibitin unguwa ne kusa da kai ka fara zuwa nan za a tura ka inda ya dace.