Fasahar sadarwa a ma'aikatu da kamfanonin ƙasashe masu tasowa

Amfani da fasahar sadarwa a ma'aikatu da kamfanonin ƙasashe masu tasowa fanni ne na nazari da ke duba yadda hukumomin gwamnati, bankuna, asibitoci da 'yan kasuwa suke shigar da kwamfuta, wayar salula, intanet da manhajoji cikin aikinsu na yau da kullum. Sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an kawo ta: ko za ta zauna da aikin da ta tarar, ko kuwa a lulluɓe ta da ƙyalle a kusurwar ofis, masinja ya ci gaba da yawo da fayil daga tebur zuwa tebur.

Yadda abin ya faro

Yawancin waɗannan ƙasashe ba su bi matakan da Turai da Amurka suka bi ba. Wayar tarho ta gida ba ta wadata ba sai ga wayar salula ta iso, aka tsallake waccan aka kama wannan. A Najeriya an yi gwanjon lasisin wayar salula a 2001, kuma a shekarar ne aka kafa hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar sadarwa. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su Seacom da ta isa gabashin Afirka a 2009 da MainOne da ta fara aiki a yammacin nahiyar a 2010, sun sauko da farashin intanet har ƙananan kamfanoni suka iya saye.

Dalilin da ya sa ayyuka da yawa suke faɗuwa

A 2003, Richard Heeks na Jami'ar Manchester ya ƙiyasta cewa cikin ayyukan mayar da harkokin gwamnati kan kwamfuta a ƙasashe masu tasowa, kashi 35 cikin 100 sun rushe gaba ɗaya, kashi 50 sun yi rabi da rabi, kashi 15 ne kaɗai suka cim ma buri. Bayanin da ya bayar shi ne giɓin da ke tsakanin abin da masu tsara manhaja suka ɗauka da abin da ke ƙasa a zahiri. Manhajar da aka ƙera a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa takan ɗauka cewa akwai lantarki dare da rana, akwai sabis, kowane mutum yana da adireshi da takardar haihuwa, kuma akwai injiniyan da za a kira idan ta tsaya. Ofishin da ke lissafin man janareta kafin ya kunna kwamfuta bai san wannan duniyar ba.

Akwai kuma matsalar mutane, wadda sau da yawa ta fi ta wuta nauyi. Kwamfuta tana barin sawu: wa ya sa hannu, yaushe, nawa aka fitar. Wanda yake cin moriyar ɓatan fayil ba zai yi maraba da ita ba. Wani kuwa ba mugun nufi gare shi ba, horon kwana uku aka ba shi aka tafi aka bar shi. Haka nan ayyukan da ƙungiyoyin agaji na waje suke ɗaukar nauyi kan mutu da zarar wa'adin tallafi ya ƙare, domin ba a ware kuɗin gyara da sabunta lasisi a kasafi ba.

Inda aka dace

M-Pesa ta Kenya ce misalin da aka fi kawowa. Kamfanin Vodafone da Safaricom sun fara gwajinta a 2005 tare da Faulu, wata cibiyar ba da ƙananan rance, da nufin masu bashi su riƙa biya ta waya. Sai aka lura mutane suna tura wa junansu kuɗi da ita. Masu aikin ba su yi gardama da abin da suka gani ba, suka sauya akalar shirin, aka ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Bai buƙaci babbar waya ko intanet ba, kuma masu shagunan sayar da katin waya da jama'a suka riga suka sani su ne suka zama wakilai masu karɓa da biyan kuɗi.

A fannin lafiya akwai manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway take jagorantar ginawa. Tushenta yana Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, kuma yanzu ƙasashe fiye da 70 suna tattara bayanan lafiya da ita, har da Najeriya. Kyauta ce, kowace ƙasa tana iya gyara ta daidai da buƙatarta, kuma ba ta kori takarda da ƙarfi ba. A ƙaramin asibitin ƙauye, ma'aikaciya tana rubuta masu awon ciki da yaran da aka yi wa rigakafi a rajista da biro. Ƙarshen wata ta tattara jimla a fom guda, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a kwamfuta. Rauninta ma a nan yake: idan lissafin rajista ya karkace, manhaja za ta kai kuskuren har ma'aikatar lafiya ta tarayya cikin kyakkyawan jadawali.

Gwamnati da bankuna a Najeriya

Tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, ya fara a 2007 domin toshe ɓarakar ma'aikatan bogi. An ƙaddamar da lambar BVN a 2014 don haɗa asusun banki da hoton yatsun mai shi, sannan a 2015 aka tilasta wa ma'aikatun tarayya zuba kuɗin shiga a asusun bai-ɗaya ta manhajar Remita. Amma IPPIS ya ci karo da jami'o'i. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shafe shekaru tana cewa tsarin bai san malamin wucin gadi, mai hutun nazari ko malamin da aka aro daga wata jami'a ba, har a watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga cikinsa.

Dogaro da fasahar ya zo da nasa haɗarin. A ranar 14 ga Maris 2024 wasu wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar yammacin Afirka, intanet ya yi rauni a Najeriya, Gana da Kwaddibuwa, bankuna da dama suka kasa tura kuɗi, masu POS a bakin kasuwa suka wuni suna ba kwastomomi haƙuri.