Ƙaro ilimin ba da labari ga ƙwararrun masu ɗaukar hoto

Wannan horo ne da mai ɗaukar hoto ke komawa ya samu bayan hannunsa ya riga ya faɗa a sana'a, domin ya koyi yadda jerin hotuna za su riƙe labari daga farko har ƙarshe. Ba a cika tsayawa kan sarrafa kyamara ko haske ba, tunda duk wanda ya zo ya san wannan. Akan yi shi a taron bita na 'yan kwanaki, ko kwas ta intanet, ko a hannun wani gogagge da zai riƙa duba aikin mutum tsawon watanni.

Cikin tsofaffin tarukan akwai Missouri Photo Workshop a Amurka, wanda Clifton Edom na Jami'ar Missouri ya kafa a 1949. Kowace shekara akan zaɓi ƙaramin gari, mahalarta su yi mako guda a can, kowa ya nemo labarinsa ya shawo kan malamai kafin a bar shi ya fara. Hotunan da zai ɗauka ƙidayayyu ne, kuma an hana shirya mutane su yi wa kyamara wasan kwaikwayo. A 1988 mai ɗaukar hoto Eddie Adams ya buɗe nasa taron a jihar New York, inda ake ɗaukar mutum 100 kyauta. A 1989 wani mai ɗaukar hoton, David Goldblatt, ya kafa Market Photo Workshop a Johannesburg, don waɗanda wariyar launin fata ta toshe wa hanyar koyo. Gidauniyar World Press Photo da ke Amsterdam kuwa ta fara nata ajin horon, mai suna Joop Swart, a 1994.

Inda aka fi shan wuya shi ne zaɓe da jeri. Akan wanko hotunan ƙanana a baje a kan tebur, malami ya yi ta matsar da su da yatsa: wanne zai buɗe, wanne zai nuna wurin baki ɗaya, wanne zai kai mai kallo kusa da fuska ko hannun mai aiki. Sau da yawa hoton da mai shi ya fi ji da shi ne ake turewa gefe, don ya maimaita abin da na kusa da shi ya riga ya faɗa. Wanda ya kwana cikin sanyi kafin ya samu hoton, da wuya ya yarda a ture shi, shi ya sa ake buƙatar idon wani.

Ana kuma koyar da rubuta bayanin ƙasan hoto, da neman yardar wanda za a ɗauka, da haƙurin zama da shi har ya manta da kyamara. Da ayyukan mujallu suka ja baya, an ƙara darussan bidiyo, naɗar sauti da rubuta takardar neman tallafi, domin yanzu yawancin dogayen ayyuka mai hoton ne ke nemo musu kuɗi da kansa.